Paris: Daga Tagar Kanti Zuwa Zauren 'Yan Yadi

Mu a Kantin Kwari, yawan kaya shi ne talla: a jibge atamfa har rufi, a rataya leshi a bakin ƙofa, mai wucewa ya san mai shagon ya tsaya da ƙafarsa. Mutanen Paris ba haka suke yi ba. A titin Faubourg Saint-Honoré sai ka tarar da taga mai faɗin ɗaki guda, gilashinta tas, amma riga ɗaya tak ce a ciki, da takalmi a gefe, da fitila da aka saita daidai inda ake so ido ya sauka. Babu mai kiranka, babu mai jan hannunka. Kai da kanka za ka ja birki.

A lamba 24 ta wannan titi kantin Hermès yake. Wata 'yar Tunisiya, Leïla Menchari, ita ta riƙe adon tagoginsa daga 1978 zuwa 2013, kuma da yawa daga kayan da take jerawa don tagar kawai ake yin su, ko ka zo da kuɗinka ba za a sayar maka ba. Wato tagar ba rumfar ciniki ba ce. Wuri ne na nuna wa gari launi da fasalin da gidan yake so a fara sha'awa. Na ga wata matashiya ta tsaya da ɗan littafinta tana zana yadda aka naɗe wuyan wata riga, sanyi na kaɗa ta, ko a jikinta.

Manyan kantunan titin Haussmann kuwa, Printemps da aka buɗe a 1865 da Galeries Lafayette mai ƙubbar gilashi ta 1912, nasu salon na taron jama'a ne. Ƙarshen shekara sukan cika tagogi da 'yan tsana masu motsi, har su kafa ɗan dandamali domin yara su hau su gani.

Amma duk wannan reshe ne. Tushen yana Villepinte, can kusa da filin jirgin sama na Charles de Gaulle, inda jirgin ƙasa na RER B yake sauke ka a ƙofar filin baje koli. Nan ake yin baje kolin yadi na Première Vision sau biyu a shekara. Masaƙan siliki na birnin Lyon ne suka fara shi a 1973, su 15 kacal, yau ga shi masana'antu daga ƙasashe da dama suna kama rumfa. Masu siliki na Como da masu ulu na Biella sun zo daga Italiya, masu leshi na Calais da Caudry suna gida, ga Turkawa, ga Japanawa da yadinsu na jins. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da suke aiki a kai. Yadin da ake nunawa a watan Fabrairu na bazarar shekara mai zuwa ne. Rigar da ta tsayar da ni a Faubourg, an riga an taɓa yadinta, an yi cinikinsa a wannan zaure fiye da shekara guda da ta wuce.

A tsakiyar zauren akwai fili inda ake jera ƙyallaye, kowanne bai wuce faɗin hankici ba, ɗauke da sunan masana'anta da lambar rumfarta. An hana ɗaukar hoto, saboda masu kwaikwayo ba sa barci. Don haka aikin na hannu ne. Wani dattijo da na tsaya kusa da shi ya ɗauki ƙyalle, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya dunƙule shi a tafin hannu, ya sake don ya ga ko zai yamutse, ya ɗaga shi ga fitila, sannan ya rubuta lamba ya wuce. Bai ce uffan ba. Masu shirya taron suna kuma fitar da jerin launukan kakar, waɗanda ƙwararru suka zauna suka tsayar tun da wuri. Shi ya sa in wani kore ko ruwan ƙasa ya ɓulla, sai ka gan shi lokaci guda a Paris da Milan da Landan, ka ɗauka haɗuwar jini ce. Ba haɗuwar jini ba ce, shiri ne.

Ni dai wannan haƙurin ya burge ni fiye da ƙyalƙyalin. Masaƙi da marini da mai zanen kaya da mai kanti duk suna bin kalanda ɗaya, kowa ya san ranar da zai miƙa wa na gaba.

Wanda yake son ganin namu kayan sai ya sauka a tashar Château Rouge, unguwar 'yan Afirka. A nan atamfar Vlisco take, ta kamfanin da ke buga yadi a Helmond ta ƙasar Holan tun 1846, da shaddar Getzner ta garin Bludenz a Ostiriya, jibge har rufi yadda muka saba. Wani mai shago, mutumin Nijar, da ya ji Hausa a bakina ya jawo mini kujera. Na ba shi labarin Villepinte. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, mu nan matan biki ne ke gaya mana abin da za a yi yayi. In uwar amarya ta fitar da anko, kafin sati ya zagayo bandir ɗin ya ƙare."