Shayin Magariba a Bakin Nilu

A ƙasashen da ke ci da kuɗin masu yawon buɗe ido, faɗuwar rana ma haja ce. A garin Oia na tsibirin Santorini a Girka, mashaya ake ginawa a leɓen dutse, can sama da teku, mutum ya kama kujera tun la'asar don kawai ya ga rana ta nutse a ruwa, in ta gama nutsewa har tafi ake yi mata. Mu ba haka aka rene mu ba. A gidanmu a Kano, da rana ta yi ja iyaye mata za su fara ƙwala wa yara kira, a kora kaji akurki, a turo ƙofa, domin almuru lokacin fitowar iskoki ne. Ban taɓa jin dattijo ya ce zai je kallon faɗuwar rana ba. Duk wanda ka gani ya ƙura wa yamma ido a wannan lokaci, to wata yake nema, na azumi ko na Sallah.

Shi ya sa da na ce zan yi makonni uku a Khartum ni kaɗai a Disambar 2017, ba karatu ba, ba asibiti ba, ba fatauci ba, tambayar kowa ɗaya ce: to me za ka je yi? Mahaifinmu ya rasu a farkon shekarar, gida ya dawo wuyana, wayata ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. So nake in zauna inda ba wanda ya san sunana, in kalli ruwa. Wannan ba amsar da ake ba dangi ba ce, don haka na ce ziyara.

Khartum ba ta da leɓen dutse, a shimfiɗe take kamar faifai. Mashaya kuma babu. Tun Satumbar 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya haramta giya, har aka tuttular da ita cikin Nilu a bainar jama'a, kuma sai a Yulin 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Ni dama ba abin da ya haɗa ni da ita. Abin da ya tsaya a gurbin mashaya a wannan birni shi ne mai shayi, kuma a can mai shayi mace ce. Sittat al-shai ake ce musu. Jarinta bai wuce murhun gawayi ba, da butoci biyu ko uku, da jerin kwalabe na citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a da zoɓo, sai 'yan gajerun kujerun saƙa da suke kira banbar. Takan jefa turaren wuta a garwashi, ta yadda tun kafin ka hango ta hancinka ya riga ya gaya maka tana nan.

A Alsahafa na sauka, wata unguwa a kudancin birnin da aka yanka gida-gida da lambobi. Sunan da Larabci aikin jarida yake nufi. Babbar kasuwar Suk al-Markazi da tashar manyan motoci ta Mina al-Barri duk suna nan kusa, haka ma Jami'ar Afirka, inda ɗaliban Najeriya suke da yawa a lokacin. Ɗaya daga cikinsu, ɗan unguwarmu, shi ya samar mini ɗaki. Wata guda kafin zuwana Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, saboda haka kafin biyar da rabi rana ta faɗi. Dole ina idar da la'asar in fita titin Sahafa Zalat in hau bas zuwa Suk al-Arabi. Kwandastan ba ya ihu kamar namu, ɗan yatsa yake kaɗawa ka miƙo kuɗi, kai ma in za ka sauka yatsa za ka kaɗa masa. Daga nan sai in taka da ƙafa zuwa titin bakin Nilu.

Akwai wurin da ya yi kama da abin da Turawa ke biya su gani: dogon otal ɗin Corinthia mai siffar ƙwai, wanda aka gina da kuɗin Libiya. Na hau samansa sau ɗaya. Daga can kana ganin Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga tafkin Victoria yake haɗuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha. Wancan ba fari ba ne, wannan ma ba shuɗi ba ne, amma launinsu ya bambanta, kuma sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, kamar kishiyoyin da aka haɗa ɗaki ɗaya. Kallo ya yi kyau. Sai dai ta bayan gilashi ne, ba ƙanshin gawayi, ba kiran salla. Washegari na koma ƙasa, wajen gadar tsibirin Tuti, na ja banbar na zauna.

A nan na gane cewa a Sudan kaɗaici ba abu ne da ake barin mutum da shi ba. Kana zama wani zai ce "itfaddal", wato bismillah, ya turo maka farantin zalabiya. Sai tambayoyi: daga ina, kai da wa, ina iyali? In ka ce kai kaɗai ne, sai ka ga tausayi a fuskarsu kamar ka ce an yi maka sata. Sau da dama na tashi biyan kuɗin jabana, gahawarsu mai citta da ake kawowa a 'yar tukunyar ƙasa, mai shayin ta ce ai wancan da ya tafi ya biya. Na je neman inda ba a san ni ba, sai ga shi a kwana na huɗu ana yi mini laƙabi da "Nijeri" tun daga nesa. Duk da haka akwai 'yan mintuna, daidai lokacin da rana ta sauka bayan Omdurman ruwan ya koma kamar narkakken jan ƙarfe, da hira kan mutu da kanta. Ba wanda ke tafi. Da ladan ya ɗaga murya sai a shimfiɗa tabarma a gefen titi, wanda ya fi kowa furfura ya shige gaba.

Ranar Juma'a na haye Omdurman, maƙabartar Shehu Hamad al-Nil, inda 'yan Ƙadiriyya ke zikiri da ganguna har rana ta faɗi, cikin riguna kore da ja. Wanda ya taɓa ganin maukibi a Kano ba zai ji baƙunta ba. Na kuma je Jabal Auliya, kimanin kilomita 40 kudu da birnin, inda Ingilishi suka kammala madatsar ruwa a 1937 don amfanin Masar. Karfasa ake soyawa a bakin ruwa, da barkono da lemon tsami, kuma ita na fi tunawa da ita fiye da ranar.

Dutse na gaske sai a Sabaloka, kimanin kilomita 80 arewa da Khartum, ta hanyar Shandi. Nan ne gangara ta shida ta Nilu, inda kogin ke matsewa tsakanin baƙaƙen duwatsu. Mutanen ƙauyen suna da rumfuna a bakin ruwa da gadajen igiya, angareb, suna ba da haya, suna kuma kewayawa da baƙi a kwalekwale. Ranar aiki na je, ba kowa. Na bar direban da na yi shata yana barci a rumfa, na hau dutsen ni kaɗai, wani yaro ya biyo ni da shayi a kofin gilashi ya ajiye ya sauka. Abin da na baro Kano dominsa ke nan, kuma da na same shi sai na ji ya fi ƙarfina. Ba motsin komai sai ƙugin ruwa a ƙasa. Tun ranar jana'iza ban yi wa mahaifina kuka ba, saboda babban ɗa ba ya samun sarari: shi ke karɓar gaisuwa, shi ke lissafin buhunan shinkafar sadaka. A kan wannan dutse na yi shi, har shayin ya huce. Na yi taimama na yi magariba a wurin, na sauko da hasken waya.

Amma in aka ce in zaɓi wuri ɗaya daga tafiyar nan, ba Sabaloka zan zaɓa ba. Wata bishiyar darbejiya ce a bakin layinmu a Alsahafa, inda ba kogi ba dutse, rana kuma bayan tankunan ruwan saman gidaje take ɓuya. A ƙarƙashinta wata dattijuwa ke sayar da shayi. Kwana biyar ina sha a wurinta da ɗan guntun Larabcina, sai ran nan ƙanwata ta kira ni muka yi magana. Ina ajiye waya matar ta ce, da Hausa, ba tare da ta ɗago daga fifita wuta ba:

"Ɗana, mutanen gidan lafiya dai?"

Na kusa ɓarar da kofin. Na ce, "Inna, ashe ke tamu ce?"

Ta ce, "Kai ne namu. Mu muna nan tun kafin a haifi ubanka."

A Mai Wurno aka haife ta, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ya samo suna daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan Turawa sun kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗan ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a har suka zauna a nan. Wasu kuma alhazan ƙafa ne, masu shekaru a hanya, suna noma a nan, suna ƙodago a gonakin audugar Jazira a can, har guzuri ya ƙare ko 'ya'ya su yi yawa. Kakanta cikin waɗannan yake. Ya fito da niyyar Makka, ita kuwa jikarsa ba ta ga Makka ba, ba ta ga Kano ba. Hausarta ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci. Ita ta nuna mini cewa naman da ake gasawa da ƙuli da yaji a titunan Khartum, wanda kowa ke kira agashe, sunansa ma bai canza ba tun daga gida.

Daga ranar na rage zuwa bakin Nilu. Nakan zauna wurinta tana ba ni labarin kasha, wato samamen da ake kai wa masu shayi a kwashe butoci da kujeru sai an biya tara. Ta ce sau uku tana sake jari daga tushe. Ta san sunan Awadiya Mahmud Koko, mai shayin da ta haɗa kan irinsu cikin ƙungiya har Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata a 2016, kuma takan faɗi sunan da alfahari kamar 'yar ɗakinsu. Wani abu ya tsaya mini a rai tun lokacin. Ni da na zo da fasfo na makonni uku, ana rige-rigen biya mini shayi saboda ni baƙo ne. Ita da aka haifa a ƙasar, aka haifi uwarta a ƙasar, har gobe in gardama ta yi zafi akwai mai ce mata Fallatiya, da muryar da ke nufin ba 'yar nan ba. Da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan batun ƙasa da sarauta, aka kashe sama da mutum ɗari, ita na fara tunawa.

Daren da zan taho ta ƙi karɓar kuɗina. Na tambaye ta me zan aiko mata daga Kano. Na zaci za ta ce atamfa.

"Goro, ɗana. Fari, mai ɗan girma. Na nan kafin ya iso ya gaji."

Sau biyu ina aika mata ta hannun ɗalibai masu komawa hutu. Na ukun na ce da kaina zan kai, bayan ƙaramar Sallar 2023. Cikin azumi na je kasuwar Mariri na sayi ƙwarya guda, aka naɗe mini da ganye, nakan yayyafa masa ruwa duk bayan kwana biyu. Ranar Asabar 15 ga Afrilu, saura 'yan kwanaki Sallah, faɗa ya tashi tsakanin sojoji da dakarun RSF, kuma kudancin Khartum na cikin inda aka fara jin harbi. Aka rufe filin jirgi. Ɗalibanmu aka kwaso su a motoci, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Tsibirin Tuti ya shiga ƙawanya, gadar Shambat ta karye a Nuwamba, ta Jabal Auliya ma ta lalace a watan. Sai a Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe tsakiyar birnin.

Ɗan unguwarmu da ya samar mini ɗaki ya iso gida da jaka ɗaya. Ya ce rabonsa da ita tun ana gobe za a fara, da daddare bayan tarawihi, tana wanke kofuna. Goron kuwa ranar Sallah na kwance shi, na raba wa dattawan masallacinmu biyu-biyu, ragowar na kai wa mahaifiyata.