Mugun Bakin da ke Cikin Labarinmu

Mu ɗaliban Rabah masu rubuta ƙagaggun labarai ba mu da edita: daga waya sai WhatsApp. Shi ya sa muke fargabar wani tauraro da muka ƙirƙira, mai kiran kowane Bafulatani ɗan bindiga. In aka yanko maganarsa kaɗai aka yaɗa har Goronyo, wa zai yarda ba ra'ayinmu ba ne? Yaya abokan ajinmu Fulani za su ji?

Amma a 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta kawo azzalumin miji a Alhaki Kuykuyo Ne, labarin kuma ya hukunta shi. Don haka ba za mu goge namu ba. Za mu haɗa shi da mai mayar masa da martani, abokan nan kuma su karanta kafin mu saki.