Kwanan Farko a Bakin Gulbi

Wani ma'aikacin gwamnati a Birnin Kebbi, jikan masuntan Argungu, ya lura cewa 'ya'yansa uku ba su san Matan Fada ba sai a waya. Tsakanin gidansa da gulbin bai wuce tafiyar awa ɗaya a mota ba, amma babu wanda a cikinsu ya taɓa ganin yadda ake jefa koma. Abin ya dame shi. Sai ya sayo tanti, ya sanar da iyalinsa cewa da zarar an ba da dogon hutu za su je su kwana a bakin ruwa.

Uwargidan ce ta fara taka masa birki. "Malam, a watan Agusta? Da wannan sauron?"

Gaskiya ta faɗa. Shi a hotunan Turai da Amurka ya ga abin, inda dogon hutun makaranta ke zuwa lokacin da sanyi ya kau. A Kebbi kuwa tsakiyar damina yake faɗowa. Gulbin Rima na cika, fadama na shan ruwa, kuma idan aka saki ruwan madatsar Goronyo yana iya hauhawa ko ba a yi ruwan sama a Argungu ba. Manoman shinkafa ba su manta da ambaliyar 2020 ba. Bazara ma ba ta yi, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Abin da ya rage shi ne hunturu, lokacin da ruwa ya ja baya, sauro ya ragu, ƙasa ta bushe. Dole ya haƙura har hutun Disamba.

Darasi na biyu daga bakin wani dattijo ya zo, ƙanin mahaifinsa, wanda ya je gaishewa. "Ɗana," in ji tsohon, "babu ƙasar da ba ta da mai ita. Ba a kafa rumfa sai an yi sallama." Ya kai shi wurin mai unguwa, ya tuna masa cewa ruwan Matan Fada a hannun Sarkin Ruwa yake, ba a su a cikinsa sai lokacin biki. Aka ba su wani tudu a gefen gonar dangi, inda ake jiyo kiran salla daga gari. A wannan zamani na rashin tsaro, mai iyali ba ya kwana nesa da mutane.

Kwana ɗaya kacal suka yanke, kuma kayansu ba su da yawa: gidan sauro, barguna, tabarmi, tocila, gawayi, da ruwan sha daga gida. Uwargidan ta kafa doka biyu. Babu yaron da zai kusanci ruwa sai da babba, kuma kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama.

Da rana suka shiga gidan tarihi na Kanta, ginin da aka yi a 1831, wanda ya kasance fadar sarki kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958. A nan yaran suka ji cewa bikin kamun kifi ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Daren bai zo da sauƙi ba. Tantin ya ƙi tsayuwa sai da samarin unguwa suka sa hannu. An manta gishiri. Can cikin dare sanyi ya sauko, autan ya yi ta kuka yana neman a koma gida, har maigidan ya fara tuhumar kansa.

Bayan sallar asuba hazo ya lulluɓe gulbin. Can ƙasa, inda aka halatta su, wani masunci ya kwanta a kan gora yana shawagi, da koma a hannu. Babbar 'yar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"Baba, kai ma ka iya?"

Bai iya ba. Kakansa a kan ruwan nan ya ci abinci, mahaifinsa ya tafi makaranta, shi kuwa ko iyo bai koya ba. Ya zo ne don ya nuna wa yara gadonsu, ashe shi ma ɗan koyo ne. Ya faɗa mata gaskiya.

Tsohon, da ke zaune a gefe yana jan carbi, ya yi murmushi. "Ku dawo baɗi warhaka," ya ce. "Sai in fara da uban."