Daga Furfuri Zuwa Bakin Ramukan Zinari

A wannan wata daji zan ja ku, amma ba irin yawon buɗe ido na Turawa ba. Mu a ƙasar Hausa ba mu saba haɗa jaka mu ce za mu je kallon duwatsu ba. Tafiyarmu ta taro sananniya ce: kai amarya, barkar haihuwa, ta'aziyya, ko wa'azin mata a ƙauye. Sai dai a Zamfara irin wannan tafiya takan kai mutum inda kwalta ta ƙare, kuma a ƙasashen Anka, Bukkuyum da Maru takan bi da ke ta gefen ramukan da masu haƙar zinari suka gama da su suka bari a buɗe. Da wuya ayarin mata ya ga irin wannan wuri ya wuce bai leƙa ba. Yara kuwa ba a magana.

Garinmu Furfuri yana cikin ƙaramar hukumar Bungudu, kusa da Gusau. Mu manoma ne, dawa da gero da wake muka sani. Dutsen da muke alfahari da shi a wannan yanki shi ne na Kwatarkwashi, wanda duk mai tafiya Tsafe daga Gusau yake gani tsaye ƙiƙam, ba ya cutar da mai kallonsa. Amma tun da zinari ya yi tsada a duniya, wajen shekarar 2009, samari da yawa suka kama hanyar yamma neman arziki, zumunta da auratayya kuma suka bi bayansu. Ta haka ne aka ba da wata tsohuwar ɗalibata ga wani saurayi a wani ƙauye na ƙasar Anka, aka kuma sa ni cikin masu shirya rakiya.

Mun zauna a ɗakin gwaggon amarya kwana biyar kafin tafiya, kuma ba da lissafin kuɗin mota muka fara ba. Da maganar tsaro muka fara, domin kowa ya san halin da hanyoyin dajin Zamfara suka shiga a 'yan shekarun nan. Labarin hanya ba a wurin mutanen birni ake nemansa ba. Surukai muka tambaya, su kuma suka tuntuɓi mai garinsu, muka kuma yi alkawarin sake tambaya da asubar ranar tafiya. Muka yanke cewa in suka ce hanya ba kyau, to an fasa, ko a tura mutum uku su miƙa yarinya, kuma ba wadda za a yi wa gori. Wannan sharaɗi ya kamata a faɗe shi tun da wuri, don mu mata in mun riga mun yi lalle mun ɗinka anko, jin kalmar "an fasa" wuya gare shi. Muka hana kowa sanya rana da lokacin tashi a zauren WhatsApp. Muka hana sa sarƙa da awarwaro. Wata ta yi dariya ta ce, za mu je garin zinari amma an hana mu sa zinari.

Maganar mota ba ta ɗauke mu lokaci ba. Biyu muka ɗauka maimakon babba guda, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta nemo agaji, kuma dukkansu masu tsayin ƙafa ne. Direbobin 'yan hanyar ne, ba baƙi ba. Na sa ƙanena ya duba da idonsa cewa akwai tayar safiya mai iska, da jak, da igiya, da shebur, da jarkar mai. Ruwan sha daga gida muka ɗauka, mai yawa. Muka rubuta sunayen matafiya a takarda muka bar wa mahaifin amarya, tare da lokacin da ya kamata ya gan mu, wato kafin la'asar. Kada ki dogara da waya a daji. Wadda ta ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, ba ta bukatar a tuna mata. Kuma rani ne. Da damina ce da ban je ba, saboda laka da rafukan da ke cika cikin sa'a guda.

Inda aka yi gardama sosai shi ne da na ce ba za a tafi da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba, kuma mai juna biyu ta yi zamanta. Wata ƙanwar uwar amarya ta ce, "Haba Malama, goyon nawa ma? Ai a bayana yake." Dole na ba su labarin da wasunsu suka ji sama-sama suna 'yan mata.

A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum suka ga agwaginsu suna mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara: ciwon ciki, amai, kasala, daga nan sai jijjiga, sai rasuwa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake wa laƙabi da na gari na kowa, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinari cike suke da dalma, ana kuma kawo su har cikin gida, mata suna farfasawa suna dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda aka rasa a yankin ta haura 400. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maganin da aka yi wa ƙauyukan ya isa ya nuna miki irin nacin wannan guba. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama da fartanya, ana zubawa a buhuna ana kaiwa can nesa ana binnewa, sannan a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Bagega, wadda ta fi girma, sai a 2013 aka samu kuɗin yi mata wannan aiki. MSF ta yi wa dubban yara magani kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. An share gidaje, amma ba wanda ya iya share daji. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Jikin ƙaramin yaro kuma yana zuƙar ta ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. A jikin mace takan ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru, sai ta samu ciki ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan tayi. Ni a matsayina na malama, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da bai mutu ba, bai ma kwanta ciwo ba, amma gubar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shi ne za a yi ta zane wa a makaranta wai ya ƙi riƙe hadda, alhali ba ƙi ya yi ba.

Mai goyo ta yi shiru, ta ce ta yafe tafiyar.

Ranar tafiya, da gari ya waye tangaran, muka hau titin Sakkwato, muka wuce Bungudu da Maru, muka karkata hanyar Anka a mahaɗar Mayanchi. Bayan Anka ba jimawa muka saki kwalta, motoci suka shiga rawa, ƙura ta turnuƙe, masu guɗa suka yi tsit kowa ta ja mayafi ta rufe hanci. Sau ɗaya motar gaba ta kafe a yashin wani busasshen rafi, shebur ɗin nan ya biya kuɗinsa. Mun isa da hantsi, aka tarbe mu da fura da nono, muka damƙa amanar yarinya ga uwar mijinta, aka yi nasiha aka yi kuka.

Ramukan suna bayan gari, tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba. Ba mu tafi gaba gaɗi ba. Sai da aka nemi izinin mai gari, ya haɗa mu da wani dattijo wanda ya yi shekaru yana haƙa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Wannan izini ba na ladabi kaɗai ba ne. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, bisa hujjar cewa harkar na da alaƙa da 'yan bindiga, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamba na 2024. A tsakanin nan an watsar da ramuka da yawa, an koma wa wasu, don haka ramin da kike gani kamar kufai yana iya zama da mai shi, kuma ba kowane mai rami ne ke son baƙuwar ido ko hoton waya ba.

Wurin ba shi da kyan gani, amma yana da kwarjini. Fili ne ja wur, ba ciyawa, ga tulin tsakuwa nan da can kamar kaburbura, ga bakunan ramuka kamar rijiyoyin da ba a ɗaure ba. Dattijon ya sa mu jeru bayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce inda ya taka nan za mu taka. Ya ja layi da sandarsa, taku biyar daga bakin rami, ya ce, "Malama, ki hana ɗiyanki wuce nan. Ƙasar da kuke bisa, ƙarƙashinta ba komi." Ashe masu haƙa ba ƙasa kaɗai suke nutsawa ba, in sun tarar da jijiyar zinari sai su bi ta gefe, su yi ta rarake ƙasa, su tokare da itace. Shekara biyu uku gara ta cinye itacen, ruwan damina ya jiƙa rufin, sai ya zauna yana jiran nauyin ƙafa. Ya jefa tsakuwa cikin wani rami, muka kasa kunne, sai can muka ji ta faɗa ruwa.

Na tambaye shi, "Baba, in wani ya faɗa, yaya ake yi?" Ya ce abu na farko kada kowa ya bi shi. Iskar da ke ƙasan tsohon rami ba lallai ta shaƙu ba, kuma ba ta da wari balle ta yi gargaɗi. Mai ceto yakan sume kafin ya kai ga wanda ya je ceto, a wayi gari gawa biyu. A ruga gari a kira masu sana'ar, su ke da igiya da dabara. Ga macizai kuma, da suka mayar da ramukan gidan haya.

Can gefe akwai kududdufin da aka yi wankin ƙasa a ciki, ruwansa kwance luf, har wata ta ce bari ta ɗauraye ƙafa. Dattijon ya daka mata tsawa. Ban da dalma, irin wannan ruwa yakan ɗauki zaiba, wadda ake kama zinari da ita. Ya tuna mini da kududdufan kuza na Jos, waɗanda kamfanonin Turawa suka bari tun zamanin mulkin mallaka: kyau kamar a hoto, amma gaɓarsu a miƙe take, kuma sun ci mutane da dama.

Sai kuma dutsen. Wata yarinya cikin ƙawayen amarya ta tsinci wani ɗan dutse mai nauyi, baƙi-baƙi, yana ƙyalli, ta ce, "La! Kwalli ne, zan kai wa Inna." Ba ta yi ƙarya ba, domin yawancin tozalin dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dutsen dalma ake samunsa. A 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi diddigi sai ga shi tozali ne da aka kai daga Nijeriya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na tozalin dalma ce zalla. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Wannan magana ta shafi har wadda ba ta taɓa taka ƙasar Anka ba, don haka uwargida ki san abin da kike ranbaɗa wa jinjirinki. Yarinyar ta yar da dutsen, muka zuba mata ruwa da sabulu ta wanke hannu. A wurin ba wadda ta ci ko goro, ba wadda ta zauna a ƙasa, kuma ba mu yi rabin sa'a ba.

Kafin mu juyo, ni da gwaggo muka ja amarya gefe muka ƙara mata da nasihar da babu ita a cikin wadda aka saba. Kada ta yarda a shigo mata da dutse ko garin dutse cikin gida, komai ƙanƙantarsa. Turminta na abinci ne kaɗai. Ta tambaya ta ji ko injin da za ta kai niƙa ya taɓa niƙa dutse. In maigida ya je aiki, ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shigo, kayan aikin kuma a wanke su daban. Ta yayyafa ruwa kafin shara. Gwaggo kuma ta samu angon ta faɗa masa haka nan ido da ido, cikin raha irin ta surukai, ya sunkuyar da kai ya ce insha Allahu.

Mun iso Furfuri ana kiran sallar la'asar. Tun a mota muka yi yarjejeniya cewa ba wadda za ta ɗauki ɗanta sai ta yi wanka, ko da ya tarbe ta da kuka. Takalma a ƙofar gida aka wanke su, hijabai da zannuwa aka jiƙa su a bokiti daban, ba a kakkaɓe ba, don kakkaɓewa ita ce ke watsa ƙurar a tsakar gida. Wadda kuma ɗanta ya taɓa zama a irin waɗannan ƙauyuka, ko maigidanta na zuwa haƙa, idan ta ga yaro da yawan ciwon ciki, rashin cin abinci, ko ya koma baya a magana da karatu, to in ta je asibiti ta buɗe baki ta faɗa wa likita maganar zinarin. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma, kuma likita ba zai sa a yi shi ba sai ya ji dalili.