IKKO A YINI ƊAYA: YAWON BUƊE IDO NA MAI ƘARAMIN ƘARFI

Mutane da yawa a ƙasar nan sun ɗauka Ikko gari ne wanda ba ya marhabin da baƙo sai in aljihunsa na da nauyi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zance, gama kuɗin haya da na masauki a can sun isa su sa mutum ya yi ta waiwayen gida. Amma fa kwana daban, kallo daban. Yawancin abubuwan da suka cancanci a gani a Ikko a bakin titi suke tsaye, ba mai tsare ƙofa, ba mai karɓar ko kwabo. Abin da suke nema a wurin mutum shi ne sammako, da takalmi mai daɗin tafiya, da sanin abin da ido ke kallo.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi wannan bayani shi ne, akwai dubban 'yan'uwanmu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago waɗanda sukan shekara goma a garin, amma ba su san ko'ina ba sai hanyar da ta haɗa rumfa da makwanci. Ran da suka koma gida, in yaro ya tambaye su inda aka ɗaga tutar Nijeriya ran samun mulkin kai, sai su yi shiru, alhali kuwa sun sha wucewa ta ƙofar wurin a cikin mota. To, ga yadda mutum zai kewaya tsohon garin a yini guda, ba tare da ya taɓa jarinsa ba.

SAMMAKO DA ABIN HAWA

Tsibirin Ikko, watau ainihin tsohon garin da Yarabawa ke kira Eko, shi ne wurin da za a nufa. Wanda ke zaune a Agege ko Ikeja ko Oshodi ko Mushin, yana iya shiga jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja cikin Oktoba 2024, ya sauka a Oyingbo. Wanda ke wajen Mile 12 kuwa, ga dogayen motocin BRT, masu hanyarsu ta daban a gefen titi, waɗanda tun Maris 2008 suke kai mutane har tashar CMS a bakin Marina. Da kati guda ake biyan kuɗin jirgin da na motar, sunansa Cowry, a tasha ake sayensa a zuba masa kuɗi. Ya kyautu mutum ya tambayi lokutan tashin jirgi tun ana gobe tafiya, kuma ya bar gida da zarar an sallame sallar asuba, gama cunkoson Ikko ba ya jiran kowa.

Kada mai karatu ya sa rai da ɗan acaɓa a tsibirin, domin Gwamnatin Jihar ta hana su aiki a can tun Yuni 2022. Wannan ba wata asara ba ce. Daga Idumota zuwa Onikan, inda yawon zai tsaya, tafiyar ba ta kai kilomita 5 ba, kuma a ƙasa ake ganin gari.

Daga Oyingbo ƙaramar motar haya, watau danfo mai ruwan ɗorawa, za ta bi da kai ta Iddo. Nan ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda kakanninmu suka riƙa sauka da shanu da fatu, su koma da goro da gishiri, tun bayan da hanyar dogo ta isa Kano a 1911. Daga Iddo sai gadar Carter, wadda aka fara buɗe ta farkonta a 1901. In kana bisa gadar ka dubi hagu, za ka hango wata doguwar gada ta miƙe a kan ruwa har ido ya gaza. Ita ce gada ta uku, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990.

MASALLATAI BIYU DA KASUWA

Da saukarka Idumota sai ka kama titin Nnamdi Azikiwe. Ba za ka yi nisa ba za ka ga hasumiyoyi huɗu na Babban Masallacin Ikko sun keto ta tsakanin shaguna. Ginin na yanzu a 1988 aka buɗe shi, a gurbin tsohon masallacin da ya daɗe a wurin. Ka shiga ka yi nafila, ka huta, ka gyara ajiyar kuɗinka, domin daga nan kasuwa za ka faɗa.

Kusa da nan, a titin Martins, akwai wani ƙaramin masallaci wanda ya fi babban tsufa nesa ba kusa ba. Shi ne Masallacin Shitta-Bey, wanda wani attajiri mai suna Muhammadu Shitta ya gina da dukiyarsa, aka buɗe shi cikin Yuli 1894. Labarin buɗe shi abin ji ne. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya aiko da wakili tun daga Liverpool ta ƙasar Ingila, wani Bature Musulmi mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey, abin da ya sa sunan ya bi masallacin har yau. Dubi fuskar ginin da kyau. Ba irin ginin Larabawa ba ne, ba kuma irin na Hausa ba. Aikin maginan da suka komo daga Burazil ne, jikokin bayin da aka kwasa aka haye teku da su, waɗanda suka dawo da sana'ar gini a hannunsu.

Tsakanin waɗannan tituna kasuwar Balogun take, ko da yake ba wanda zai iya nuna maka inda ta fara da inda ta ƙare. Atamfa da leshi da shadda da takalma sun cika rumfuna, sun hau benaye, sun malalo kan titi. Kallo kyauta ne, amma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi yakan yi ɓarin kuɗin motarsa. In ba saye ka zo yi ba, kada ka taya.

DAGA DANDALIN TINUBU ZUWA MARINA

In ka ci gaba za ka ɓullo Dandalin Tinubu, wanda aka sa wa sunan Madam Efunroye Tinubu, wata ƙasaitacciyar 'yar kasuwa da ta yi tashe a siyasar Ikko cikin ƙarni na 19. Gabas da dandalin ita ce unguwar mutanen Burazil, wadda ake kira Popo Aguda. Ka bi titin Kakawa zuwa dandalin Campos kana ɗaga kai, za ka ga sauran tsofaffin gidaje masu dogayen tagogi da ado a goshin ƙofa, sun maƙale tsakanin sababbin benaye kamar tsoho a taron samari.

Sa'an nan ka gangara Marina, bakin ruwa. Nan za ka ga babbar majami'ar Anglika ta Cathedral Church of Christ, wadda Yariman Wales ya aza harsashin gininta na yanzu a 1925, aka gama a 1946. Gaba kaɗan ga dogon benen NECOM mai hawa 32, wanda aka gama a 1979. In ka juya wajen ruwa kuwa, ga jiragen ruwa na dakon kaya can a tashar Apapa, inda wani sashe na hajar da ake sayarwa a Kantin Kwari da Sabon Gari yake fara taka ƙasar Nijeriya.

Zuwa yanzu rana ta take, ciki ya fara kira. Kada ka shiga inda aka sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Nemi rumfar da ka ga ma'aikatan ofis da 'yan dako sun yi layi. Akwai wake da burodin Agege, watau dafaffen wake da ya yi lugub aka zuba masa soyayyen barkono da manja. Akwai tuwon alabo da miyar lalo, wanda su ke kira amala da ewedu. Akwai kuma gasasshiyar agada da gyaɗa a bakin titi. Ko wanne ka zaɓa zai riƙe ka har magariba.

KURKUKU DA FILIN SUKUWA

A titin Broad za ka fara sa hannu a aljihu domin shiga wani wuri. Sunansa Freedom Park, watau Lambun 'Yanci, amma da can gidan yarin Turawan mulki ne, wanda aka gina a shekarun 1880. Herbert Macaulay ya kwana a ciki, haka kuma Cif Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro. An rushe kurkukun a 1979, wurin ya daɗe a yashe, kafin a mai da shi lambun shaƙatawa a 2010, shekarar da Nijeriya ta cika 50 da samun mulkin kai. An bar tsohuwar katangar, an kuma nuna girman ɗakunan da ake kulle mutane. Ka tsaya a cikin ɗaya ka miƙa hannuwanka, za ka gane abin da ake nufi da ƙunci. A inda ake rataye mutane a da, yanzu dandamalin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo ne.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa Dandalin Tafawa Balewa. Tun daga nesa za ka ga siffofin fararen dawakai huɗu da jajayen gaggafa bakwai a bisa ƙofa. Wannan fili shi ne tsohon Filin Sukuwa na Ikko. A nan ne, da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari da kore, kuma a nan Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya, ta miƙa wa Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa takardun mulkin kai. Ginin da ake gani yanzu a 1972 aka yi shi, zamanin Janar Yakubu Gowon. Yau motocin haya ne ke lodi a gefensa, masu talla na kai da kawowa, kuma da wuya ka ga wanda ya ɗaga kai ya dubi dawakan. Kai ka ɗaga.

MOTAR MURTALA

Ƙofa ta biyu da za ka biya, kuma ta ƙarshe, ita ce ta Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957 bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Kenneth Murray. Kuɗin shigarsa da na Lambun 'Yanci, in an haɗa su, ba su kai na kwanon abinci ɗaya a manyan otal na Victoria Island ba. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin Jihar Kaduna, masu shekaru fiye da 2,000, da kayan tagulla na Benin, da sassaƙe-sassaƙe daga kowane sashe na ƙasar nan.

Amma abin da ya fi tsayar da baƙo daga Arewa yana wani ɗaki na dabam. Ita ce baƙar Marsandin da Janar Murtala Ramat Muhammed yake ciki ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976, sa'ad da 'yan juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka suka buɗe masa wuta a kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Kwana goma kafin wannan rana, ran 3 ga Fabrairu, shi ne ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko, abin da bai tabbata ba sai ran 12 ga Disamba 1991, da aka koma Abuja. Duk surutun mutum, in ya tsaya gaban motar nan sai ya yi tsit.

LA'ASAR SAKALIYA

In da sauran ƙarfi da sauran kuɗi a katin, koma tashar Marina ka shiga Shuɗin Layi, jirgin lantarki da ya fara aiki cikin Satumba 2023. Yana tashi a bisa gada, ya haye ruwa, ya nuna maka tsibirin gaba ɗaya ta taga. Tasha ta farko ita ce ta Babban Gidan Wasanni na Ƙasa a Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, bikin da aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna. A 2024 aka sa wa gidan sunan Wole Soyinka.

In kuwa ƙafa ta gaji, daga Onikan sai ka ƙarasa Obalende, inda ƙamshin tsire zai tarye ka da Hausa. Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Tun 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Ikko, wadda daga gare ta ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Nan za ka yi magariba, ka ci tsire, ka sami motar komawa kowace unguwa.

Gargaɗi uku, domin rigakafi ya fi magani. Ka raba kuɗinka gida biyu, kada ka fito da su gaba ɗaya a kasuwa. Ka shiga mota a tasha kaɗai, gama akwai ɓarayi masu shigar burtu da motar haya. In ka rikice da hanya, tambayi mai shago ko mai shayi, kada ka tambayi ɗan zaman kashe wando na bakin gada.

Abu na ƙarshe, kada a yi ta ɗaga wannan yawo zuwa baɗi. Ikko gari ne mai cinye tsofaffin kayansa. Bakin tekun Bar Beach, inda talaka ke zuwa ya ga teku kyauta, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Gidan Ilojo Bar na kusa da Dandalin Tinubu, wanda aka gina a 1855 kuma aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, an wayi gari cikin Satumba 2016 an rushe shi. Abin da ya rage ba a san kwanansa ba. Saboda haka duk wanda ke Ikko, ko ya je sarin kaya, ya ware yini guda, ya kama hannun ɗansa ko yaron shagonsa, su je su gani da idonsu. Gani ya kori ji.