Wushiryar da Ta Zo Mini da Girma

Ban taso da wushirya ba. Ina da shekara 46 na lura haƙorana biyu na gaba sun fara jan jiki da juna, har abokai a majalisa suka kama tsokanata wai kyau ya zo mini a makare. Na taya su dariya. Jinin da nake tofarwa duk asuba in na yi aswaki kuwa ya fi shekara biyar, ina ɗora wa iccen laifi wai ya cika tauri. Uwargida ta riga ni sanin akwai matsala, sai dai kunya ta hana ta faɗa. Kanumfari kawai take zuba mini a aljihun riga. Sai daga baya na gane warin baki take nufi.

Ranar da wani matauni ya fara girgiɗa na je asibitin haƙori, ina shiga na ce, "Likita, cire shi za a yi." Mu dai a saninmu cirewa kaɗai ke kai mutum wurin. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar ma'auni, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana kiran lamba, ma'aikaciyarta na rubutawa. Uku, huɗu, bakwai, takwas. Ta ce dasashi mai lafiya zurfinsa bai wuce milimita 3 ba. "Malam, haƙorinka lafiyarsa ƙalau. Ƙasar da aka dasa shi ce ta zaizaye."

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori yakan daskare ya zama kamar dutse, ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, dasashi ya kumbura ya saki haƙorin, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa narkewa a hankali. Duk wannan ba zafi. Ni kuma zafi nake jira kafin in yarda ba ni da lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke fama da ciwon dasashi mai tsanani, kuma ina kyautata zaton da yawansu na zaune kamar yadda na zauna.

Ta kuma tura ni awon suga, abin da na ɗauka neman kuɗi ne kawai. Sakamakon ya kunyata ni. Ashe su biyun ɗan jumma ne da ɗan jummai: suga na rura ciwon dasashi, kumburin dasashi na hana suga sauka.

Ba a fara da wuƙa ba. Sai da aka kankare haƙoran har ƙarƙashin dasashi, aka jira makonni, aka sake awo. Wurare da dama sun gyaru, ramukan da ke baya suka ƙi. Su aka yi wa tiyata. Allurar kashe zafi aka yi mini, idona biyu, aka tsaga dasashin aka ɗaga shi kamar an yaye labule, aka goge saiwoyin tas, aka mayar aka ɗinke. Ƙarar kankarewar ta fi damuna a kan komai. Na yi mako guda a kan kunu da fate, ina kurkure baki da maganin da aka ba ni, goro kuwa sai kallo. Aka warware zaren.

Na zaci da an ɗinke an gama. Haƙoran sun ƙara tsawo a ido saboda dasashin ya ja baya, ruwan randa ma sai da ya yi wata biyu yana sa ni runtse ido. Ƙashin da ya tafi bai dawo ba. Abin da tiyatar ta yi shi ne rage zurfin ramukan yadda buroshi zai iya kaiwa, sauran aikin ya koma hannuna: makilin safe da dare, da wani ɗan ƙaramin buroshi mai shiga tsakanin haƙora, da komawa asibiti duk wata uku. Ban bar aswaki ba, na dai daina dirza kamar mai wankin tukunya.

Mataunin nan yana nan, ya rage girgiɗa. Wushiryar ma tana nan. Kwanan baya na ga wani abokina ya tofar da jini wurin alwala, na ce masa ya je a duba. Ya ce ai ba ya masa ciwo.