Ankon Kirsimeti da ya kusa raba mu da 'yar'uwarmu

Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu ba da wannan labari, domin mu ma muna da laifi a ciki. Amma yanzu kusan kowannenmu ko yana saye ta waya ko yana sayarwa, don haka gara mu faɗa.

Gabanin Kirsimetin bara, zumuntar matasanmu a Gaya ta yanke shawarar yin anko. Mu 18 ne. Muka ba wata 'yar'uwa da ke ɗinki a Ajingi, wadda muka saba ganin aikinta a WhatsApp. Ba mu je wurinta ba. Ta turo hoton yadi, shuɗi mai duhu, muka ce shi muke so, a kuma ɗinka sunan zumunta a kan aljihu. Bayan sujada muka auna juna da tef a harabar majami'a, sakatarenmu ya tura mata awon, muka biya kafin alƙalami ta asusun banki. Saura kwana 5 ta ba direba ƙunshin kayan, muka tura mata ciko tun kafin mu kwance shi.

Riguna 12 sun fito yadda aka yi magana. 4 wani shuɗi ne daban, mai haske, ko daga nesa za ka gane. 2 kuma sun matse masu su. Sannan ɗaya daga cikin masu riguna masu kyau, tafiya ta kama shi zuwa Jos, ya ce tunda ba zai sa ba a mayar masa da kuɗinsa. Muka haɗa duka 7 muka ce ta karɓa ta biya mu. Ita kuwa ta turo mana rubutun da ke saman shafinta, cewa kayan da aka riga aka ɗinka ba a mayarwa.

Daga nan saƙonnin murya suka fara zafi. Har wani ya ce a sa hotonta a Facebook a gargaɗi jama'a, kuma mun ji kunya da muka tuna cewa ba wanda ya tsawata masa nan take. Shugabar zumuntar mata ce ta ji hayaniyarmu ta leƙo. "Ku 'ya'yana," in ji ta, "a cikinku wa ya tambayi yarinyar nan abin da ya faru?" Muka yi tsit.

Wani ɗan'uwanmu da ke karatun lauya a Kano ya dawo hutu a makon, shi ya warware mana zaren. Nijeriya tana da dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, muddin ba su yi daidai da abin da aka kwatanta ko samfurin da aka nuna masa ba, in dai bai ɓata lokaci ba. Rubuta "ba a mayarwa" a shafi ba ya soke wannan. To amma dokar ba ta ce duk wanda ya sake tunani bayan an gama masa aiki daidai sai a biya shi ba. Ya ƙara mana da cewa a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ko ba dalili, amma an cire kayan da aka yi wa mutum bisa awonsa ko da sunansa a jiki. In kuwa kayan na da aibi, ko na oda ne ana mayarwa.

Da muka zauna muka duba, sai muka ga ashe magana uku muka cusa a buhu ɗaya. Mai tafiya Jos ba shi da ta cewa. Rigar da aka yanka daidai kafaɗarsa, ga sunan zumuntarmu a aljihu, wa za ta sayar wa a Ajingi? Masu riguna 2 kuwa, da muka ɗora tef a kan rigunan, sun yi daidai da lambobin da muka tura mata. Daga baya ɗayansu ya amsa cewa ya tsuke ciki lokacin awo, don akwai 'yan mata a wurin. Wannan namu ne, ba nata ba.

Riguna 4 ɗin nan kaɗai ne laifinta, kuma da shugabanmu ya kira ta cikin natsuwa ba ta yi musu ba. "Yaya, yadin ne ya ƙare," in ji ta. Ta koma Kantin Kwari ba ta samu irinsa ba, sai ta sayi wanda ya fi kusa. Ta ji tsoron faɗa mana kada mu fasa gaba ɗaya, ga shi kuɗin kafin alƙalami ya riga ya shige yadi da zare da kuɗin mota. Mun tausaya mata, domin mun san jarin tela mai keke ɗaya bai taka kara ya karya ba. Duk da haka mun gaya mata gaskiya: kira ɗaya kafin ta sa almakashi da ya wadatar. Wataƙila ma da mun ce ta ci gaba.

Ta karɓi 4 ɗin, ta mayar da kuɗinsu kashi biyu, na ƙarshe bayan sabuwar shekara. Ta buɗe ɗinkin 2 ɗin, muka biya ta ladan gyara. Mai tafiya ya bar wa ƙanensa tasa. Ranar Kirsimeti mutum 4 suka tsaya a layin baya da tsofaffin kayansu, kuma ba su ji daɗi ba, ba za mu ɓoye ba.

Abin da ya fi sosa mana rai shi ne da muka duba namu shafukan. A cikinmu akwai mai yin kek na biki, da mai ɗinka takalma, da mai saƙa jaka, kuma kusan duk mun rubuta irin wannan magana tata, muna kwafa daga juna ba tare da tunani ba. Yawancin masu saye a wurinmu maƙwabtanmu Musulmi ne, sun san mu Kirista ne, kuma da irin cinikinmu suke auna mu fiye da abin da muke rerawa ranar Lahadi. Mai kek ta fara gyara nata: in ka fasa bayan ta kwaɓa, kafin alƙalami ya tafi, in ita ta rubuta suna ba daidai ba ko ta sauya girma, ta sake ko ta biya. Mai takalma har yanzu yana gardama, yana cewa mutane za su raina shi.

Ankon Ista ma ita muka ba. Wannan karon mutum 3 suka hau babur zuwa Ajingi da littafin zumunta, ta yanko ƙyallen yadin aka manna a shafi, aka rubuta ranar karɓa da abin da za a yi in yadi ya ƙare, ita da sakatare suka sa hannu. Awo kuwa ta ce ba ta yarda da namu ba, ranar Lahadi ta zo Gaya da tef ɗinta.